Saƙar Lawan

Ranar Laraba ce, rana ta yi ja ta sauka bayan gidajen Gyaɗi-Gyaɗi, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangu. Malam Inuwa, maƙerin azurfa, ya yayyafa wa gawayin maƙerarsa ruwa, ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, ya fito tsakar gida da buta a hannu. Matarsa Uwani tana tuƙa tuwo. 'Yarsu Safiyyah, budurwa 'yar shekara goma sha tara, tana zaune a bakin tabarma tana goge 'yan kunne da tsumma. Rediyo a gefenta yana ta kawo rigimar 'yan majalisa, domin shekara huɗu ke nan da sojoji suka koma bariki, kowa ya samu bakin magana. Ba mai sauraronsa a cikinsu.

Dutse na farko a kan kwanon ɗakin Uwani ya faɗo. Ya gangaro a hankali, ya tsaya. Uwani ta ɗaga kai ta ce yaran unguwar nan ba sa jin magana, ta ci gaba da tuƙinta.

Na biyu ya sauka a tsakiyar tabarma, dab da ƙafar Safiyyah. Ta sa hannu ta ɗauka, ta yar da shi da sauri tana yarfe yatsu.

"Baba, da zafi."

Malam Inuwa ya ajiye buta ya tsuguna. Ba dutse ba ne. Kashin maƙera ne, baƙin dunƙulen dattin nan da ke taruwa a gindin wuta in an narka ƙarfe, kuma har lokacin yana huci, ya ƙona tabarmar ya bar mata tabo. Ya juya ya dubi ƙofar maƙerar da ya rufe da hannunsa. Daga bayan ƙofar ya ji zuga-zugi yana numfashi, a hankali, kamar wani ya zauna yana hura wutar da aka riga aka kashe.

Ladan ya kira sallah. Malam Inuwa bai motsa ba har aka kai ƙarshen kiran. Sannan ya ce a tattara komai a shiga ɗaki, da wata murya da matarsa ba ta san shi da ita ba.

Gidan na maƙera ne tun kaka. Lawan, kakan Malam Inuwa, shi ya kafa maƙerar tun Gyaɗi-Gyaɗi tana gonaki, kuma shi ya fara yin munduwar da ta ɗaga sunan gidan. Siraran wayoyin azurfa ne guda bakwai ake saƙawa da yatsu, su hau juna su sauka, har mutum ya juya munduwar ya sake juyawa bai ga inda saƙar ta fara ko inda ta ƙare ba. Ana ce mata saƙar Lawan. Maƙeran cikin birni sun sha saya su warware don su gane sirrin, ba wanda ya iya mayar da ita. A shekara ba a yin fiye da huɗu ko biyar. Ta farko, wadda Lawan ya saƙa da hannunsa, tana cikin jakar fata a wani gurbi a bangon maƙera, ba a fitar da ita.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba Malam Inuwa, Garzali, yayan Safiyyah. Ya iya ƙira, amma zuciyarsa ta tafi wajen kwamfuta. Ya buɗe shago kusa da kasuwar Tarauni tare da wani abokinsa Jude, wanda ya koyo zubin azurfa a Legas, ya kuma kama ɗaki a can kusa da shagon. Garzali yakan zana zobe ko sarƙa a kwamfuta, ya juya ta kowace fuska, mai saye ya ga kayansa tun ba a ƙera ba. Sai ya tura zanen Dubai ta intanet, wata na'ura ta sassaƙa shi da kaki a aiko musu, Jude ya narka azurfa ya yi zubi da siffar kakin. Abin da aka zuba kuma Gyaɗi-Gyaɗi ake kawo shi, tsohon ya gyara da hannu, ya yi masa ado, ya dasa duwatsu. Malam Inuwa bai taɓa ƙin wannan aiki ba. Alfahari ma yake yi da shi a majalisa, yana cewa ido na yaron ne, hannu nasa, kuma kayan sun fi na da kyau. Safiyyah ita ce mai kai-komo tsakanin shagon da gida, ta iya jan waya da goge azurfa, ta fara koyon riƙe linzamin kwamfuta in yayanta ya ba ta dama.

Abu ɗaya tsohon ya hana, saƙar Lawan. Sau biyu Garzali yana roƙo a bar shi ya zana ta. Ya ce kayan Dubai sun cika kasuwa, munduwa biyar a shekara ba za ta riƙe gida ba, in kuma rai ya yi halinsa saƙar za ta bi mai ita kabari. A karo na biyu uban ya shigar da shi maƙera, ya rufe ƙofa, suka daɗe. Da suka fito Garzali ya ce, "Na ji, Baba. Na bar maganar." Wata shida ke nan da yin haka.

Ranar Alhamis jifan ya dawo, ya dawo ranar Juma'a. Lokacinsa bai canja ba: da zarar rana ta faɗi sai ya fara, da an kira isha sai gidan ya yi tsit kamar ba a taɓa yin komai ba. Kashin maƙera mai zafi yana faɗowa cikin tukunya, cikin randa, a kan shanya. Bayan jifa aka fara jin masaba, gudumar ƙira, tana bugun uwar maƙera a ɗakin da ba kowa, bugu ƙanana masu tsari, irin na wanda ya san aikinsa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Ranar Asabar kuma, suna zaune su uku a ɗakin Uwani ƙofa a rufe, wata murya ta yi kira daga tsakar gida.

"Inuwa."

Tun rasuwar mahaifinsa ba wanda ya ƙara kiransa da sunansa tsirara haka. Uwani ta damƙe hannun 'yarta. Ta dubi mijinta, ta ga gumi yana bin gemunsa.

"Malam, ka san abin nan," in ji ta da raɗa. "Ka san shi."

Da gari ya waye ya shiga maƙera ya zaro jakar fatar daga gurbinta. Munduwar Lawan tana ciki, lafiyarta ƙalau. Ya mayar da ita, ya zauna a kan buzunsa ya rasa abin da zai yi.

Garzali ya zo ranar Lahadi da la'asar. Uwarsa ta nuna masa tabon tabarma da tulin baƙin dattin da ta share. Ya tsaya yana kallo, fuskarsa ta canja, ya ce wataƙila wani mai hassada ne yake jefowa ta bayan katanga. Safiyyah ta bi shi har zaure.

"Yaya, ina son magana da kai."

"Ina da aiki a shago. Sai na dawo."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi tun rana ba ta faɗi ba, bai kuwa dawo ba.

Rana ta bakwai ba a yi jifa ba. Magariba ta yi, gidan shiru, har Uwani ta fara hamdala. Sai ta nemi Safiyyah ta rasa. A maƙera suka same ta, zaune a kan buzun ubanta, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffin maza. Wutar da aka kashe tana ci. Idanunta a rufe, wayoyin azurfa bakwai a hannunta, yatsunta suna saƙa da saurin da Malam Inuwa bai taɓa kaiwa ba ko a ƙuruciyarsa. Ba wanda ya taɓa koya mata saƙar nan.

"Safiyyah," in ji uwar.

Yarinyar ba ta buɗe ido ba. Bakinta ya motsa, muryar wani dattijo ta fito, mai kauri, mai gajiya.

"Arba'in ne. Sai ta saƙa arba'in da hannu."

Malam Inuwa ya yi ƙoƙarin ƙwace wayoyin, ta ture shi da hannu ɗaya ya bugi bango. Haka suka tsaya suna kallo, suna salati, waya tana yanka mata yatsu, jini yana bin azurfar, ita kuwa ba ta tsaya ba. Da aka kira isha ta zube a gefe kamar an zare mata ƙashi. Ta farka tana kuka da zafin hannu, ba ta san abin da ya faru ba.

Kwana uku aka yi haka. Sun ɗaure mata yatsu da tsumma, ta warware. Sun kulle maƙera da kwaɗo, suka tarar da shi a buɗe. Ta daina cin abinci, idanunta suka faɗa. A yini na huɗu Uwani ta ɗaga hannun 'yarta ta nuna wa mijinta, fatar yatsun duk ta tsage, ta ce, "Malam, uku ta saƙa hannun ya koma haka. In sai ta kai arba'in, gawa za mu ɗauka."

Malam Inuwa ya sa hularsa ya tafi Unguwar Gano wajen Malam Ɗahiru.

Malam Ɗahiru tsohon malamin Larabci ne da ya yi ritaya, siriri, mai ƙarancin magana, an san shi da ruƙiyya, an kuma san ba ya karɓar zakara ko baƙin bunsuru a hannun kowa. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi tambaya ɗaya: su nawa ne 'yan gidan? Da aka gaya masa ya ce yana son kowa ya kasance, har wanda ke Tarauni. Uwani da kanta ta yafa mayafi ta je shagon. Garzali ya fara kawo uzuri, ta tsaya a bakin ƙofa har ya kashe kwamfutar ya biyo ta.

Rana tana gab da faɗuwa suka taru a maƙera. Malam Ɗahiru ya zauna kusa da ƙofa, Garzali ya raɓe a lungu. Da haske ya ƙare daga taga, Safiyyah ta miƙe daga jikin uwarta, ta taka zuwa buzun ta zauna, ta miƙa hannu wajen wayoyin. Malam Ɗahiru ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya karanta a hankali, aya bayan aya, har yatsun yarinyar suka fara sassautawa, suka tsaya. Ta juyo da fuskarta wajensa, idanu a rufe.

"Ya isa, Malam. Ni ma musulmi ne. Abin da kake karantawa na haddace shi tun ba a haifi kakanka ba."

"To assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam."

"Wane ne kai?"

"Lawan yana ce mini Maƙwabci. A nan ya tarar da ni, ƙarƙashin tsamiyar da ya sare ya gina ɗakin nan. Bai kore ni ba, ya nemi gafarata, muka zauna lafiya. Ni ma maƙeri ne a cikin mutanena. Na ga yana da hannu, na ga yana da yunwa, na koya masa saƙata."

"A kan wane sharaɗi?"

"Tambayi Inuwa."

Malam Inuwa ya sunkuyar da kai. Ya yi magana da ƙyar. "Da hannu za a saƙa ta, a ɗakin nan, ɗaya bayan ɗaya, ga matar da maƙeri ya san sunanta. Ba a zuba ta. Ta farko kuma ba ta fita daga ɗakin nan. Haka kakana ya gaya wa babana, haka babana ya gaya mini. Wallahi ban saɓa ba."

"Ba ka saɓa ba," in ji muryar. "Shekara arba'in ina zaune kusa da kai kana aiki, ban ga ha'inci a hannunka ba. Amma ta farkon ta fita. Yini guda ta yi a waje. An ɗauki hotonta ta kowace fuska, an auna ta, an zana ta a cikin akwatin haske. An tura ta ƙetaren teku, ƙarfe marar rai ya sassaƙa ta da kaki. An zuba arba'in. Dunƙule ne kawai mai kamar saƙa, ba waya ɗaya da ta hau wata. Ana sayar wa matan da ba wanda ya tambayi sunansu, ana ce musu saƙar Lawan ce."

Uwani ta juya a hankali ta dubi lungun da ɗanta yake.

"Wa ya fitar da ita?" in ji Malam Ɗahiru.

"Hannun da nake riƙe da shi."

"Ta san sharaɗin?"

"Ba ta sani ba. An ce mata hoto kawai za a ɗauka a ajiye don kada gadon gida ya ɓata. An ce mata in ta kawo, za a koya mata zane, a ƙera abin da ta zana da sunanta. Wanda ya aike ta shi ya sani. Inuwa ya zaunar da shi a kan buzun nan ya gaya masa komai, har abin da zai sami hannun da ya taɓa jakar. Shi ya sa bai taɓa da nasa ba. Ya aiko na ƙanwarsa."

Uwani ta saki wani sauti kamar an taka ta. Malam Inuwa ya ɗago ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa.

"Gaskiya ne?"

"Baba, ban ɗauka abin gaske ba ne. Na ɗauka zancen mutanen da ne."

"In ba ka ɗauka gaske ba ne, me ya hana ka sa hannunka?"



Malam Ɗahiru ya ɗaga hannu, ya koma ga wanda ke jikin yarinyar. "An ci amanarka, ban musa ba. Amma da bakinka ka ce ba ta sani ba. Kai da ka haddace Littafi ka san wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. An zalunce ka, kai kuma ka zalunci wadda aka yaudara. Me za ka ce wa Ubangijinka game da yatsun nan?"

Jikin Safiyyah ya yi rawa. Wutar maƙera ta tashi ta kwanta.

"To a ba ni hannun daman mai laifin. Ya bushe, in sake ta."

"Ba ni da hannun kowa da zan bayar, kai ma ba ka da ikon karɓa."

"A tattaro arba'in ɗin a narka a gabana."

Malam Ɗahiru ya dubi Garzali. Garzali ya ce, murya ƙasa-ƙasa, takwas ne suka rage a shago, sauran sun tafi, wasu Abuja, wasu har Maraɗi, bai san hannun da suke ba.

"Ka ji," in ji Malam Ɗahiru. "Abin da ya tafi ya tafi. Faɗi abin da mutum zai iya, in tsaya a kansa. In ka ƙi, zan ci gaba da karatu, ka kuma san ayoyin da ban kai gare su ba tukuna."

Da muryar ta dawo, fushin ya fita daga cikinta, saura gajiya.

"A narka takwas ɗin. A farfasa kakin. A shafe zanen daga akwatin, kada a bar ko inuwarsa a ko'ina, mai laifin ya rantse a kan haka. In ya bari, zan dawo, kuma ƙofar da na sani ita zan bi. Ni kuma zan tafi da abina. Saƙar tawa ce, aro na bayar. Daga yau babu ita a gidan nan."

Malam Inuwa ya dafa ƙasa da hannu biyu. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake saƙar nan. Ya dubi yatsunsa, ya dubi na 'yarsa.

"Na yarda," ya ce. "Ka sake mini yarinya."

Malam Ɗahiru ya sa Garzali ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse zai shafe zanen ba zai bar ko guda ba. Ya rantse.

Fuskar Safiyyah ta juya wajen ubanta. "Inuwa, ina nan ranar da aka haife ka. Ni na kare maka ido ranar da azurfa ta fantsamo maka kana yaro. Ban so mu rabu haka ba. Ka yafe mini yatsun 'yarka."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji tsohon, hawaye yana bin fuskarsa.

"Assalamu alaikum, mutanen gida."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kife a jikin uwarta. Wutar ta mutu nan take. Daga masallacin unguwa aka fara kiran isha.

Washegari da hantsi suka je Tarauni, Malam Ɗahiru da Malam Inuwa. Jude, wanda bai san komai game da sharaɗin ba sai ranar, ya riƙe baki, ya ɗauko munduwa takwas da kwalin kaki da kansa, ya narka su a gabansu. Garzali ya kunna kwamfuta. Saƙar Lawan ta bayyana a kan gilashin tana juyawa a hankali, kyakkyawa, ba hannun da ke riƙe da ita. Tsohon ya kau da kai. Garzali ya danna wani abu, ta ɓace.

"Shi ke nan?" in ji Malam Ɗahiru.

"Shi ke nan, Malam."

Da Malam Inuwa ya koma gida ya buɗe jakar fatar. Wayoyi bakwai ya tarar a ciki, miƙaƙƙu sambal, kamar ba a taɓa lanƙwasa su ba. Uku ɗin da Safiyyah ta saƙa su ma haka. Ya zauna ya ɗauki wayoyin, ya ɗora ta farko a kan ta biyu, ya tsaya. Hannunsa bai san inda ta uku za ta bi ba. Ya gwada har azahar, ya sake gwadawa washegari, daga nan ya bari.

Jifa bai dawo ba. Yatsun Safiyyah suka warke a hankali, suka bar tabo, biyu daga ciki ba su ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Uwarta ta gaya mata duk abin da aka faɗa da bakinta. Ta saurara ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙara zuwa Tarauni ba.

Bayan wata biyu wata Hajiya daga Babban Giji ta zo neman saƙar Lawan don bikin 'yarta, ta ce ita ma da ita aka kai ta ɗakin miji. Malam Inuwa ya ce mata ya daina. Ta yi ta roƙo, ya yi ta ba ta haƙuri, ta tafi tana mamaki. Labarin ya kai kunnen Garzali.

Ya zo da safe, karo na farko tun ranar rantsuwa. Ya tarar da ubansa a maƙera yana gyaran wani zobe, Safiyyah tana ja masa zuga-zugi, uwar tana bakin ƙofa da faranti tana tsince shinkafa. Ya gaida su, ya tsuguna. Ya ga yadda uban ya rame, ya ga wayoyi bakwai ɗin a ajiye a gefe. Ya sa hannu a aljihu ya fito da faifan sidi a cikin farar takarda, ya ajiye a kan buzun.

"Baba, saƙar ba ta ɓata ba. Tana nan a ciki, kowace waya da inda ta bi. In ka kalla sau biyu hannunka zai tuna. Wata biyu ke nan, ba abin da ya faru. Maƙwabcin ya tafi."

Malam Inuwa ya ajiye awartakinsa. Ya dubi faifan bai taɓa shi ba.

"Yaushe ka kwafa?"

"Tun kafin... tun da farko."

"Ranar da ka dafa Alƙur'ani, yana ina?"

"Yana ɗakina. Baba, gadonmu ne. Shekara ɗari. Ba zan iya barin ya tafi haka kawai ba, don ku na ajiye."

Safiyyah ta saki zuga-zugin. Ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka ji lokacin da ya ce in ka bari zai dawo?"

"Na ji, amma ai ga shi..."

"Ka ji ƙofar da ya ce zai bi?"

Garzali ya dubi ƙasa.

"Wata biyu ina kwana ina tashi, ina cewa an gama. Ashe kai kana can kana jira ka ga ko zan sake faɗuwa." Ta miƙa hannunta mai tabo ta ɗauki faifan. "Da na faɗi fa? Da sai ka ce me?"

Ta cire takardar, ta ɗora faifan a kan garwashi. Garzali ya yunƙura, uban ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya koma ya tsuguna. Malam Inuwa ya matsa ya kama zuga-zugin da kansa ya hura. Faifan ya lanƙwashe, ya yi baƙi, warin roba ya cika ɗakin.

"Akwai wani?" in ji tsohon.

"Babu, Baba. Wallahi babu."

"Ka riga ka ce wallahi sau ɗaya." Ya ɗauki awartakinsa ya koma kan zoben. "Abin da kuka zuba a shagonku, Jude ya riƙa kawowa, zan gyara. Kai kuwa in ka zo gaida uwarka, ka tsaya a tsakar gida."

Garzali ya miƙe. Ya tsaya a bakin ƙofa kusa da uwarsa, ya juyo wajen ƙanwarsa kamar mai neman abin da zai riƙe.

"Safiyyah, ki yi haƙuri. Ni yayanki ne."

Ta koma wurinta, ta karɓi zuga-zugin daga hannun ubanta. Ta dube shi yadda ake duban mutumin da ya zo sayen kaya bai samu ba.

"Ka sauka lafiya, Malam Garzali," ta ce.

Farantin ya suɓuce daga cinyar Uwani, shinkafar ta watse a ƙasa. Garzali ya tsallake shinkafar ya fita.